Yadda Ake Sabunta Katakon Ado na Cikin Tsohuwar Mota

Tsofaffin motoci irin su Marsandi W123, wadda ta fara fitowa kasuwa a 1976, suna da adon katako a jikin tablo, wato allon da ke gaban direba, kuma zafin rana irin na Damagaram yakan tsattsage man ƙyallin da ke kansa.

Da farko a kwance katakon a hankali, a adana kusoshinsa cikin gwangwani. A sani cewa fallen katakon da ke sama kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, manna shi aka yi a kan wani abu, don haka injin gurza zai iya huda shi nan take, kuma idan ya huje da wuya ya gyaru. A shafa maganin cire fenti, a jira tsohon man ya yi laushi, a kankare shi da roba mai faɗi, ba da wuƙa ba.

Inda fallen ya ɗago, a zura gam na kafinta a ƙarƙashinsa, a danne shi da abu mai nauyi har kwana ɗaya. Daga nan a gurza da hannu da samfefa mai lamba 320, ana bin zanen itacen, kada a gitta shi.

A share ƙurar sarai, a shafa barnis, wato man ƙyallin katako, siriri-siriri sau biyar ko shida, ana barin kowane shafi ya bushe, ana ɗan gurza shi da lamba 600. A lokacin hunturu, gara a rufe ɗaki a yayyafa ruwa a ƙasa, domin ƙura ko kaɗan ta sauka a kan ɗanyen barnis sai an sake gurza shi.

Bayan mako biyu, a goge da lamba 2000 da ruwa, a sa man goge mota, a mayar da katakon gurbinsa.