Yadda muka sama wa Autanmu ɗakin kansa a Ingila

Autanmu shekararsa 27, kuma da lalurar Down aka haife shi. Har bara yana gaban Hajiya, ita ke wanke masa kaya, ita ke ƙirga masa magani. Da ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene na gane cewa in ba mu yi shiri yanzu ba, wata rana a gigice za a yanke masa wurin zama, kuma ba da shawararsa ba. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwanmu mazauna Ingila da ke da irin Auta a gida.

Tsarin da muka bi sunansa supported living, kuma da wannan sunan za ki nema. Ba gidan ajiye naƙasassu ba ne. Mutum na zaune a gidan haya da sunansa, mabuɗi a hannunsa, ma'aikata kuma suna zuwa taimaka masa gwargwadon buƙata: wani awa biyu a rana, wani dare da rana. Yarjejeniyar haya daban, ta kulawa daban. Ki riƙe wannan da kyau, domin shi ke ba ku damar sauya masu kulawa ba tare da ya tattara kayansa ba.

Kafin komai, duba takardun zamansa. In an rubuta cewa ba shi da damar cin kuɗin tallafin gwamnati, kada ku cike takardar neman kuɗin haya ko na naƙasa sai kun ga lauyan shige da fice, don hakan na iya taɓa zamansa.

Sai ki buga wa sashen kula da manya na ƙaramar hukumarku waya, ki ce kuna son a auna buƙatunsa. Dokar Care Act ta 2014 ta ɗora musu yin haka ga duk baligin da ake ganin yana buƙatar kulawa, kyauta, ko nawa ne a asusunsa. Abubuwa 10 suke dubawa, irin su ci da sha, tsabtar jiki, shiga banɗaki, sa tufafi, zama a gida ba tare da haɗari ba, zumunci, aiki ko karatu, da fita gari. In lalurarsa ta hana shi biyu ko fiye, kuma hakan na cutar da rayuwarsa ƙwarai, ya cancanta.

A nan muka yi tuntuɓe. Ma'aikaciyar ta zauna a falonmu ta ce, "Yana iya wanka da kansa?" Hajiya ta ce, "Alhamdulillahi, yana yi." Gaskiya ta faɗa, amma ba ta ce ita ke daidaita masa zafin ruwa ba, ba ta ce sai ta tsaya a bakin ƙofa tana tuna masa sabulu ba. Mun taso da kunya da rufin asiri, ko kwance muke sai mu ce da sauƙi. Su kuwa abin da kika faɗa shi za su rubuta, kuma da shi ake lissafa awannin taimako. Da rahoton ya zo sai muka ga kamar wani ake bayani ba Auta ba, sai da muka nemi a sake. Don haka kafin su zo, ki ɗauki mako biyu kina rubuta duk abin da ake yi masa tun daga asuba har kwanciya. Ki ba da labarin ranar da ta fi wuya, kamar ranar da ya bar tukunya a wuta ya tafi kallon talabijin. Faɗin haka ba butulci ba ne ga Allah. Ki kuma nemi a auna buƙatun mahaifiyarku a matsayinta na mai kulawa, wannan ma haƙƙinta ne.

Maganar kuɗi ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Dukiyarsa ake dubawa, ba ta iyaye ba. In ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa. Ƙasa da haka hukuma na ɗaukar kaso. Haya yawanci daga Housing Benefit, wato tallafin haya na gwamnati, take fitowa, PIP kuma, wato kuɗin tallafin naƙasassu na gwamnati, na taimakawa da ƙarin ɗawainiyar naƙasa. Ki adana rasiɗan duk abin da lalurar ke jawo masa, ana rage su a lissafi.

Idan aka zo rubuta tsarin kulawa, duk abin da ba a rubuta ba ki ɗauka babu shi. Mun sa an rubuta naman halal da tukwanensa daban, namiji ne zai taimaka masa a banɗaki, a ajiye masa buta, a raka shi masallaci ranar Juma'a, da yadda za a yi da azumi. Kuma a tambaye shi. Dokar Mental Capacity Act ta 2005 ta ce a ɗauka mutum na iya yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar ba zai iya ba. In ba zai fahimci takardar haya ba, zama uwa ko yaya kaɗai bai ba ki ikon sa masa hannu ba. Akwai kotun da ke ba da wannan izini, ki tambaya da wuri don tana ɗaukar lokaci.

Gidaje uku muka gani. Ki je da rana, ki sake komawa da yamma lokacin da ake girki. Ki buɗe firij, ki lura ko ma'aikata na ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga ɗakin mutum, ki tambayi shekara nawa suka yi a wurin. Rahoton CQC, hukumar da ke sa ido kan masu ba da kulawa, a kan kamfanin kulawar yana intanet, amma kulawar take dubawa, ba ginin ba. A gida na biyu Auta ya ja hannuna ya ce, "Yaya, ba na son nan, akwai ihu." Ni wurin ya yi mini, amma muka bar shi.

Kada a kwashe shi rana ɗaya. Ya fara da shan shayi a can, sai kwana ɗaya, sai ƙarshen mako. Bayan makonni shida zuwa takwas a sake zama a duba tsarin, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara. In an yi muku ba daidai ba, ki kai kuka a rubuce ga ƙaramar hukumar, in ba su gyara ba akwai ofishin Ombudsman, mai binciken koke-koken jama'a a kan ƙananan hukumomi.

Maganar dangi kuwa za ta zo. Gwaggonmu ta bugo daga Zariya ta ce mun yar da maraya. Ban yi musu da ita ba, ranar Asabar na kira ta ta bidiyo daga ɗakinsa. Ya nuna mata mabuɗinsa da ke rataye a wuya, ya nuna mata sallayarsa, sannan ya ce ta jira, taliyarsa na kan wuta.