Fitilar shuka ma tana yin yawa: kurakuran da muke tafkawa a ɗaki

Wai haske yana yi wa shuka yawa? Eh yana yi, ni kam sai da na ƙona daddoya tukunya uku kafin na yarda. Hunturuna na farko ne a Ingila, watan Disamba wunin ko awa 8 baya cikawa, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, shukokina duk suka yi laushi suna miƙa wuya wajen taga kaman marayu. Sai na sayo fitilar shuka irin ta LED, na sauke ta dab da ganye, na barta a kunne dare da rana, a tunanina ai mu da muka taso a ranar Arewa wane haske ne kwan fitila zai nuna mana. Ko sati biyu ba a yi ba ganyen sama ya koɗe yayi fari-fari, gefensa ya naɗe sama, ka taɓa ya kakkarye kaman busasshiyar kuka.

Abun da ban gane ba lokacin shine ganye kaman injin niƙa ne, akwai iya hatsin da bakinsa ke ɗauka. Da haske da ruwa da iska yake haɗa abinci, kana ƙara haske yana ƙara aiki har ya kai inda ya ƙoshi, daga nan duk abun da ka ƙara baya zama abinci, sai dai ya koma yana lalata sinadarin nan kore da ke cikin ganyen. Shi yasa yake koɗewa.

Kuskuren da ya fi yawa shine hana shuka dare. Mutum ya kunna fitila awa 24 wai dan ta yi saurin girma. Tumatir musamman baya ɗaukan wannan, manoman gidan gilashi sun daɗe da sanin in aka bashi haske ba yankewa ganyensa sai ya yi rawaya-rawaya dabbare-dabbare. Da dare ne shuka ke kwashe yawancin abincin da ta tara a ganye tana kaiwa saiwa da sabon toho, sannan irin su moda da alobera ma da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iska, da rana a rufe suke dan kar ruwa ya tsere musu. Gyaran mai sauƙi ne: shukokin ado awa 12 zuwa 14 ya ishe su, yabanya da kayan miya 14 zuwa 16, sauran kuma duhu. Ka sayi ɗan soket ɗin nan mai agogo da ke kunnawa ya kashe da kansa, wlh yafi kace zaka riƙa tunawa, dan ranar da ka kwana a wajen aiki shikenan ka manta. Wanda ke gida Najeriya yana amfani da sola ko inbata shima riba biyu ne, batir ya huta shuka ta huta.

Akwai wani abu kuma da ya bani haushi sosai a shekara ta biyu. Na shuka yakuwa a babbar tukunya ina ta lissafin zan sha zoɓon hannuna, na bata awa 16 kullum, ta yi tsayi ta yi ganye luf-luf, miyar taushe kam mun sha, amma fure ko ɗaya babu. Ashe yakuwa tana cikin shukokin da sai dare ya yi tsawo suke fure. Manomi a gida ya san wannan ko bai san sunansa ba, dawar gargajiya ko ka riga maƙwabcinka shuka da sati biyu kusan tare zaku ga ta fidda kai wajen ƙarshen damina, saboda tsawon dare take lissafawa. Wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, su suka fara bayyana abun a rubuce a 1920 bayan gwaji da taba da waken soya. Toh in shukarka irin wannan ce, ko furen nan ja na Kirsimeti da ake sayarwa a kantuna, sai ka rage fitila zuwa awa 10 ko 11 ka bata duhu na gaske, ba duhun da talabijin ke haskawa ko ana shiga ana kunna kwan ɗaki ba, dan ɗan hasken tsakar dare ma yana iya ɓata lissafin.

Sai maganar nisa, nan ne na fi ganin ɓarna. Mutane suna ɗauka matso da fitila kaɗan ƙarin haske ne kaɗan. A'a. In ƙaramin kwan fitila guda ne ka rage nisan da rabi, misali daga santimita 40 zuwa 20, hasken da ke sauka kan ganye ya kusa ninka huɗu. Kuma ita shukar ba a tsaye take ba, tana girma tana bin fitilar, ka saita nisa mai kyau yau, bayan sati uku kanta ya kusa taɓa gilashi kai baka lura ba. Ni yanzu duk ranar Lahadi nake auna nisan da ɗan rula in ɗaga igiyar da fitilar ke rataye a jiki. Ga ƙananan fitilun gida ina farawa daga santimita 30 zuwa 45, masu ƙarfi kuma 60 ko fiye, sai in jira kwana biyar in ga me ganye zai ce. Ana cewa ka sa bayan hannunka daidai kan ganye na rabin minti, in kaji zafi yayi kusa. Yana da amfani amma zafi kawai yake gaya maka, LED tana iya koɗar da ganye hannunka bai ji komai ba.

Kar kuma ka dogara da lambar da aka rubuta a kwali. Fitilu masu arha da yawa zaka ga an buga 1000W da manyan baƙi, ka duba ƙananan rubutu ka tarar ainihin wutar da take ja bata kai kusa da haka ba. Gara ka sauke manhajar auna haske a waya, ba daidai take cif ba, kuma da fitila mai launin shunayya ƙarya take yi sosai, amma da fara zata baka hoto. Ranar tsaka a fili tana kai lux 100,000 (lux shine ma'aunin ƙarfin haske), falon gida da kwan ɗaki sau da yawa ko 500 baya kaiwa, sai ka ga inda fitilarka ta faɗa tsakani.

Wani kuskuren shine a jera kowa ƙarƙashin fitila ɗaya kaman 'yan makaranta. Tumatir da attarugu da tattasai 'yan rana ne, da wuya ƙaramar fitila ta yi musu yawa in dai nisa da awanni daidai ne. Amma yawancin shukokin adon ɗaki, wannan mai yaɗo da ake sawa a kwalba da masu faffaɗan ganye, asalinsu ƙarƙashin manyan itatuwan kurmi suke rayuwa inda rana ke ɗigowa kaɗan-kaɗan. Su sai a gefe, 'yan rana a tsakiya. Latas ma da yake son haske, in ya yi yawa ya sa shi gudun girma sai kaga bakin ganyen ciki yana ƙonewa, ƙaramar fanka da ke kaɗa iska tana taimakawa.

Sannan gaggawa. Shukar da ta yi wata uku a lungu ganyenta na inuwa ne, siriri ne, ka ɗauke ta rana ɗaya ka kai ƙarƙashin fitila mai ƙarfi sai ta ƙone ko da irin mai son haske ce. Daidai da mai renon yabanyar tumatir a rumfa da baya fidda ita tsakar rana farat ɗaya. Fara da nesa ko da awa 6 zuwa 8, ka riƙa ƙarawa cikin sati biyu.

Wanda ya fi kashe shuka ma ba hasken bane, maganin da muke bata ne bayan mun ga ta canza. Ganye yayi rawaya sai a ɗura ruwa a zuba taki, alhali saiwar lafiyarta lau, ruwan ya kwanta ta ruɓe. Ni haka nayi wa daddoyar nan, tukunya ta uku ba fitila ta ƙarasa ta ba, ni ne da buta. Ka duba inda matsalar take tukunna. In ganyen sama ne mafi kusa da fitila ya koɗe, na ƙasa da ke cikin inuwa kore shar, haske ne. In tsofaffin ganyen ƙasa ne ke rawaya suna zubewa, ka tura yatsa cikin ƙasa, yawanci ruwa ne ya yi yawa ko abinci ya ƙare. In alobera ta koma ja-ja ko ruwan ƙasa, kare kanta take yi, ka ja ta baya kaɗan zata dawo kore. In kuma kara ya yi tsawo siriri, ganye ƙanana nesa da juna tana karkata, wannan yunwar haske ce, kuma gaskiya a ɗakunan da na shiga ita na fi gani, dan haka kar tsoro ya sa ka ɗaga fitila har silin.

Ganyen da ya riga ya ƙone baya dawowa, kar ka zauna jiransa. Ka ɗaga fitilar kaman tafin hannu ɗaya ko ka rage awa biyu, abu ɗaya zaka canza a lokaci dan ka san wanne ya yi aiki. Wanda ya bushe ƙarau ka yanke da almakashi mai tsafta, wanda rabinsa kore ne ka barshi yana nan yana ciyar da ita. Taki kuma ka dakata sai ka ga sabon toho, shi zaka zuba wa ido nan da kwana goma ko sati biyu, in ya fito kore a shimfiɗe bai naɗe ba toh nisan ya yi, sai ka sa alama da biro a jikin igiyar.