Yadda ake mayar da samfurin lissafin ƙwayar halitta zuwa SBML

Samfurin da ka rubuta a MATLAB ko Python kai kaɗai ka san cikinsa. SBML tsari ne na rubuta irin waɗannan samfura domin musayarsu, wanda aka gina kan XML (hanyar tsara bayanai a fayil), kuma manhajojin gudanar da samfuri COPASI da Tellurium da rumbun samfura na BioModels duk suna karanta shi.

Kada ka rubuta XML ɗin da hannu. Fara da warware lissafinka zuwa haɗuwar sinadarai ɗaya bayan ɗaya: me ya shiga, me ya fita, da wane sauri. Rubuta su da Antimony, harshe mai sauƙi na rubuta samfuri, kamar `J1: S -> P; cell*Vmax*S/(Km+S)`, sai Tellurium ya fitar maka da fayil ɗin SBML.

Duba kalmar `cell` a misalin nan, wato girman ɗakin (sashen da sinadaran ke ciki), domin nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. A SBML, `kineticLaw`, wato lissafin saurin haɗuwa, yana auna adadin sinadari a kowane lokaci, alhali yawancin lissafin ODE (lissafin yadda abu ke canzawa da lokaci) kaurin sinadari a cikin ruwa yake aunawa. Dole ka ninka saurin da girman ɗakin da haɗuwar ke faruwa a ciki. Idan girman ɗakin 1 ne, kuskuren zai ɓuya, lambobi su fito daidai. Ranar da ka ƙara wani ɗaki mai girman 0.1, kaurin sinadarin da ke cikinsa zai riƙa canzawa da sauri ninki goma, kuma babu saƙon gargaɗi.

SBML Level 3, wato sigarsa ta uku, ba ya zaɓar maka ma'auni, sai ka faɗi da kanka: mol, lita, daƙiƙa ko sakan. Sinadarin da ake ciyar da samfurin da shi daga waje, ka sa `boundaryCondition` ɗinsa ya zama `true`, in ba haka ba haɗuwar za ta cinye shi.

Lambar shaida ta `id` ba ta karɓar ƙ, ɗ, ɓ ko tazara, kuma ba ta farawa da lamba. Sunan Hausa ya tafi cikin `name`. Ka kuma liƙa wa kowane sinadari shaidarsa, misali CHEBI:17234 ga gulukos.

Bayan haka tura fayil ɗin ga na'urar tantancewa ta sbml.org. Wucewa can yana nufin tsarin ya tsaya kawai. Buɗe shi a COPASI, gudanar da shi na tsawon lokacin da ka yi a MATLAB, ka kwatanta sakamakon biyu. Yanayin gwajin kuwa ka adana shi a SED-ML, tsarin bayyana yadda aka gudanar da samfuri, ka haɗa duka cikin kundin COMBINE, wato fayil guda da ke tattara samfurin da gwajinsa.