Yadda za ki rage mai a tukunya ba tare da miya ta lalace ba

Aikina jinya ne a wani ƙaramin asibiti da ke Asawase a Kumasi, kuma rabin yinina wajen awon hawan jini da sukari yake tafiya. Yawancin iyayenmu mata da ke zuwa daga Aboabo da Sawaba ba masu ci da yawa ba ne. Wata za ta rantse sau biyu kacal take cin abinci a rana, kuma gaskiya ta faɗa. Idan na ce, "Hajiya, mai nawa kike zubawa a miya?" amsar kusan ɗaya ce kullum: "'Yata, sai dai ya taso sama." Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Ghana a 2022 ya nuna kusan rabin mata 'yan shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ni a ganina, wani babban kaso na wannan nauyi daga man da ya taso sama yake fitowa.

Kafin ki taɓa tukunya, ki san inda man yake zuwa. Baki da ciki kaɗan suke iya yi masa. Ainihin aikin a ƙaramin hanji ake yi. Da maiƙo ya iso can, sai madaciya ta matso ruwan nan mai ɗaci da hanta ta haɗa ta ajiye mata. Wannan ruwa yana yi wa mai abin da sabulu ke yi wa tukunyar da aka soya nama, ya tarwatsa shi ya zama ƙananan ɗigo. Daga nan fankiriyas, wadda ke kwance a bayan ciki, ta saki sinadarin lifes ya yanka ɗigon nan har hanji ya iya tsotsewa. Jikin mai lafiya yana tsotse kusan kashi 95 cikin 100 na man da aka ci. Wato kusan babu abin da ke fita bayan gida. Hanji yana ƙunshe man cikin wasu ƙananan ƙunshi, su bi hanyoyin ruwan jiki da ake kira limf, su shiga jini kusa da ƙashin wuya. Awa uku zuwa biyar bayan cin abinci mai maiƙo, jini yana cike da su. Abin da tsoka ba ta ƙona ba, rumbun kitse ne zai karɓa.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali shinkafa ko wake ko nama marar kitse, sinadaransu kalori 4 ne a giram. Babban cokali ɗaya na mai, ko manja ne ko man gyaɗa ko man zaitun mai tsada, kalori 120 ne ko kusa da haka. Kafin ki ƙona shi sai kin yi tafiyar kusan rabin awa da sauri.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke biyo baya. Kitsen jiki ba ajiya ba ce da ke zaune shiru. Idan ƙwayoyin kitse suka cika suka kumbura, musamman na cikin tumbi da ke kewaye da hanji da hanta, wasu sukan shaƙe su mutu. Sai fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, su taru a wurin su fara sakin sinadaran da suke saki idan an ji rauni. Tun 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman a Harvard ta Amurka suka gano kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da irin wannan sinadari mai tayar da kumburi, kuma yana hana insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yin aiki. An kuma gano abinci mai maiƙo sosai yana taimaka wa ɓurɓushin bakteriyar hanji su ratsa zuwa jini tare da ƙunshin man. Wannan kumburi ba ya zafi, ba ya ja, ba zazzaɓi. Shekaru yake yi yana aiki a hankali, kuma yana da hannu a ciwon sukari, da kitsen hanta, da toshewar jijiyoyin jini.

To, ki fara da awo. Ajiye galan, ɗauki cokali. Gwangwanin madara cike da mai ya kai babban cokali goma, wato kalori 1,200 ke nan a tukunya ɗaya tun kafin a sa nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga mai buƙatar kalori 2,000, wannan bai wuce cokali biyar ba, kuma har da kitsen nama da gyaɗa da ƙwai da wagashi a cikin lissafin. Shawarata ita ce miyar mutum shida ta tsaya a cokali uku zuwa huɗu. Kada ki sauka lokaci ɗaya, maigida da yara za su yi bore. Ki riƙa rage cokali ɗaya ko biyu kowane mako, harshe zai saba.

Na san abin da za ki ce: tumatir ba ya soyuwa sai da mai, tsami zai yi. Ga yadda nake yi a gidana. Na markaɗa tumatir da albasa da tattasai da attarugu, na ɗora su a wuta su kaɗai, ba mai ko ɗigo. Na bar su suna tafasa a buɗe har ruwan ya ƙone, jan ya yi duhu, cokali ya bar hanya idan na ja shi a gindin tukunya. A lokacin tsamin ya riga ya tafi. Sai na soya albasa da citta da tafarnuwa a cokali uku na mai, na juye markaɗen a kai, minti goma ya isa. Daddawa da busasshen kifi su ne ke kawo ɗanɗanon da mutane ke zaton mai ne ya kawo.

Miyar gyaɗa kuwa da kanta take fito da manta. Idan ya taso, ki kwashe da ludayi, kada ki juya shi ya koma. Naman rago ko na sa, ki yanke farin kitsen, ki tafasa, ki bar romon ya huce. Abin da ya daskare a sama ki ɗebe ki zubar. Idan za ki sayi waakye, wato shinkafa da wake, ki ce wa mai sayarwa ta ɗebo shito, soyayyen yajin nan mai mai, daga ƙasa ta tsane man a gefen kwano. Ki zaɓi ɗaya tsakanin soyayyen kifi da soyayyen wagashi da kelewele (soyayyar ayaba), kada su haɗu a ganye ɗaya.

Ba na cikin masu cewa a daina manja. Kusan rabinsa daskararren maiƙo ne, irin wanda ke ɗaga kolestarol, wato wani nau'in kitsen da ke cikin jini, man gyaɗa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, don haka man gyaɗa ya fi dacewa da girkin yau da kullum. Amma jan manja yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sai da maiƙo. Cokali biyu a miyar kontomire (ganyen gwaza) alheri ne. Abin da nake roƙo ki daina shi ne ƙona manja har ya yi hayaƙi ya koma fari, domin amfanin nan ne ke tafiya, maiƙon kuwa yana nan. Haka man suya da aka maimaita har ya yi baƙi yana kumfa: zafi ya riga ya lalata shi, a zubar. Wannan ya fi shafar mu da azumi, lokacin da ƙosai da funkaso da masa ke fitowa daga kasko ɗaya kowace yamma.

Tuwon zafi da ayoyo ko kuɓewa ko kuka, abincin da muka tashi da shi, ya fi yawancin abin da ake tallatawa. Yauƙin kuɓewa da harzar wake suna riƙe wani ɓangare na ruwan madaciya su fita da shi, sai hanta ta ɗebi kolestarol daga jini ta haɗa sabo. Kifin amane da sauran kifayen teku masu maiƙo suna da omega-3, wani nau'in maiƙo da ke taimakawa wajen kwantar da kumburi. A gasa ko a sa a miya, sau biyu a mako. Kuma kada ki rage mai ki maye gurbinsa da lemon kwalba da koko mai sukari cokali huɗu, domin hanta tana mayar da rarar sukari kitse.

Don ki san ko ana ci gaba, sikeli kaɗai bai isa ba. Yanki zare daidai tsawonki, ki ninka shi biyu, ki zagaya ƙugu da shi wajen cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kitsen tumbi ya yi yawa. Mai juna biyu ban da ita. Ki maimaita sau ɗaya a wata. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, ya isa a ga canji a sukari da hawan jini. Ki haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako. Sauka daga trotro tasha ɗaya kafin Kejetia ma yana shiga lissafi.

Shayin rage ƙiba da ake yawo da shi a kasuwa, yawancinsa gudawa yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse na nan. Yunwar ganganci don a rame cikin sauri kuma tana iya haifar da tsakuwa a madaciya. Idan bayan cin abinci mai maiƙo kina jin ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana harbawa zuwa kafaɗa, ko bayan gida ya zama fari-fari mai maiƙo yana iyo a kan ruwa, ko idanu sun yi rawaya, wannan ya wuce gyaran tukunya. Ki je asibiti a yi miki hoton ciki da gwajin hanta. Idan kina shan maganin sukari, ki sanar da likitanki kafin ki canza cin abinci sosai, don a daidaita miki maganin kada sukari ya faɗi.