Kurakuran da aka fi yi a wurin gini da haƙa rami, da yadda za a gyara su

Daga Arkilla zuwa Mabera har hanyar Kalambaina, da wuya ka wuce layi biyu a Sakkwato ba ka ga ana haƙa ko ana ɗora bulo ba. Yawancin aikin nan ba na manyan kamfanoni ba ne. Mai gida ne, da birkila, da leburorin da aka ɗauko da safe, kuma babu wanda aka ɗora wa kula da lafiyar masu aiki. Shi ya sa kuskure iri ɗaya ke ta maimaituwa.

Mafi muni shi ne raina rami, ko na fandisho, ko na shadda, ko rijiya. Sai ka ji ana cewa ai bai wuce tsayin mutum ba. To, ƙasar da faɗinta da tsawonta da zurfinta suka kai mita ɗai-ɗai, nauyinta ya kai kusan tan ɗaya da rabi. In ta rufto wa mutum zuwa ƙirji, ko da kansa na waje, numfashi gagarar sa yake yi. Ƙasa mai rairayi takan yi tauri da rani ta ruɗi mai haƙa, ruwan Agusta guda ya sake ta. Ta wajen fadamar Rima kuwa laka ce, tana tsattsagewa in ta bushe. Gyaran shi ne da zarar zurfi ya kai mita 1.2, a buɗe bakin ramin ya fi gindinsa faɗi, ko a tokare bangon da katako mai kauri. A sa tsani a ciki, kuma a duba bangon kowace safiya kafin kowa ya sauka, balle bayan an kwana ana ruwa. Tsaga a bakin rami ko ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan, alama ce ta kowa ya fito.

Lebura yakan watsa ƙasar da ya haƙo a bakin ramin don hannu ya huta, alhali nauyinta ne ke danne bangon. A ja ta baya kamar mita ɗaya. Haka bulo da buhunan siminti, kuma kada a bar tifa ta matso ta juye yashi a gefen. Idan haƙan ya zo dab da katangar maƙwabci, musamman ta ƙasa, a tsaya a kira injiniya. Kuɗin zuwansa bai kai na shari'a ba.

Akwai wanda ke kashe mutum biyu ko uku a lokaci guda: iskar cikin rami. Wasu kan saukar da injin jan ruwa cikin rijiya, ko su ajiye janareta a bakinta. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, mutum zai ji jiri ne kawai ya sulale. Tsohuwar shadda ma tana tara muguwar iska. Abin takaicin shi ne wanda ke sama yana ganin ɗan'uwansa ya faɗi sai ya dira, shi ma ya tsaya can. Injin ya zauna a waje nesa da baki, mai shiga ya ɗaura igiya a jiki, wani ya tsaya a sama ba ya aikin komai sai kallonsa. In abu ya faru, a jawo shi da igiyar, a kira 'yan kwana-kwana.

A sama kuma, rodi tsawonsa mita 12 ne, kuma gidaje da yawa suna kusa da wayar wuta. Kafin a ɗaga shi a dubi sama. Jera ganga a ɗora katako a hau da kwanon sarki cike da kankare, wannan ganganci ne. A ɗaure abin hawan da kyau, a sa masa madogara.

Sai gaggawar cire tokarar dekin don a kai katakon wani aiki. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma a zafin Sakkwato yana bukatar shayarwa safe da yamma. Injiniya ne zai faɗi ranar cirewa, ba mai aikin katako ba.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40. A fara aiki mai nauyi bayan asuba, a huta da azahar, randa na kusa. Da azumi sai a ƙara sassautawa. Wanda ya fara ruɗewa ko surutai, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a wuce da shi asibiti.

Ɗanyen siminti yana cin fata, don haka shiga kwaɓi da silifas ba jarumta ba ce. Dogon takalmin roba, safar hannu, hular kwano da takunkumi, mai gidan ne ya kamata ya saya. Wanda ƙusa ta soka ya je a yi masa allurar tetanus, ba a shafa baƙin mai ba.

In an tashi aiki, a rufe ramin da katako ko a kewaye shi, a kwashe ruwan da ya taru. Yaran unguwa suna shigowa wasa da la'asar, bayan kowa ya tafi.