Darasi na 9: Farfaɗiya, Mantuwa da Damuwa

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfar baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan suna shan maganin da ya dace.

Kowa yana ganin faɗuwar. Abin da ke biyo bayanta ne 'yan gida suka fi kasa ganewa. Idan mutum ya farfaɗo, yakan yi mintoci ko awoyi cikin ruɗewa, da ciwon kai da barci. Kada a dame shi da tambayoyi. A kwantar da shi ta gefe, a faɗa masa inda yake cikin sanyin murya.

Sau da yawa ciwon yana tasowa ne daga sashen ƙwaƙwalwa da ke daidai saitin kunne, inda ake adana sababbin abubuwa. Shi ya sa za ka aiki mai ciwon kasuwa sayen gishiri da manja, ya dawo da gishiri kaɗai, alhali yana tuna abin da ya faru shekara 20 baya. Ba ganganci ba ne. Akwai kuma yaron da ba ya faɗuwa, sai dai ya ƙura ido kamar daƙiƙa 10, sau da yawa a yini, karatu ya wuce shi, a ce masa daƙiƙi. Wannan yaron likita yake bukata, ba bulala ba.

Maganin farfaɗiya ma yana da nasa illolin. Maganin da ake kira Fenobabiton yakan sa babba kasala da barci, yaro kuma ƙiriniya. Wani maganin kuma, Lebetirasetam, yakan kawo saurin fushi. Idan an ga haka, a gaya wa likita ya duba yawan maganin ko ya canza shi. Kada a daina sha kwatsam, domin ciwon na iya tashi ya ƙi lafawa. Jijjigar da ta wuce minti 5, sai asibiti nan take.

Damuwa takan zo daga ciwon kansa, ta ƙaru idan aka ware wa mutum kwano ko aka hana shi aure. Idan ya yi mako 2 cikin baƙin ciki, ya daina shiga mutane, a kai shi asibiti. In ya ambaci gajiya da rayuwa, a kai shi ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

A nemi ƙaramin littafi, a riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da awoyin barcin daren, da ko an tsallake magani. Da shi za a je ganin likita.