Yadda Ɗan Kasuwa Zai Sauke Nauyin Kai Rahoton Kuɗin Da Yake Zargi

A ɗauka kai mai sayar da motoci ne a Kano. Da yammacin wata Alhamis wani mutum ya zo ya nuna mota ta naira miliyan 14, bai taya ba, bai ko sa an ɗaga bonet ya leƙa inji ba. Sai ya ce zai biya kashi uku: miliyan 4 da dubu 800 lakadan yau, kwatankwacin haka gobe ta hannun wani ƙaninsa, ragowar kuma wani kamfani zai turo ta banki, amma a rubuta rasit da sunan wani mutum dabam da ba ka taɓa gani ba. Da ka nemi katin shaidarsa sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ai ni da kai mun wuce nan." Da yawa daga cikinmu za su ce kasuwa ce ta yi kyau. A wurin doka kuwa, wannan ciniki ne abin zargi, kuma awa 24 kacal gare ka ka rubuta rahoto a kansa.

Dokar da ta ɗora wannan nauyi ita ce Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun shekarar tare da Dokar Hana Ta'addanci. Farkon abin da mutum zai tantance shi ne ko sana'arsa tana cikin waɗanda dokar ta ambata. Bankuna da kamfanonin inshora da 'yan canji, irin na Wapa a Fagge, suna cikin rukunin cibiyoyin kuɗi. Rukuni na biyu ya ƙunshi masu sayar da motoci, dillalan filaye da gidaje, masu sayar da gwal da duwatsu masu daraja, otal-otal, akantoci da lauyoyi. Wanda ya samu kansa a rukuni na biyu wajibi ne ya yi rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin hukumar EFCC mai sa ido a kan irin waɗannan sana'o'i, kuma galibi sai banki ya ga takardar wannan rajista kafin ya buɗe wa kamfaninsa asusu.

Rahoton iri biyu ne, kuma cakuɗa su shi ne kuskuren da na fi gani. Na farko ba shi da alaƙa da zargi ko kaɗan, adadi kawai yake bi. Sashe na 11 ya ce duk wata hulɗar kuɗi guda da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, a sanar da ita a rubuce cikin kwana 7. Cibiyoyin kuɗi suna aika nasu ga NFIU, wato hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, 'yan rukuni na biyu kuma suna aika wa SCUML. Ko limamin unguwarku ne ya sayi gidan, matuƙar kuɗin ya haura wannan adadi, sai an sanar. Sashe na 2 ya ƙara da cewa haramun ne a biya ko a karɓi tsabar kuɗin da ya wuce waɗannan adadi ba ta hanyar cibiyar kuɗi ba, kuma haramun ne a yayyanka ciniki guda domin a kauce wa sanarwa. A ganina wannan iyaka ta tsufa, domin ita ce dai a dokar 2011, lokacin da miliyan 5 take sayen abin da yau ko kusa ba za ta saya ba, har ma cinikin buhunan hatsi na rana ɗaya a Dawanau yana iya haura ta. Amma har sai majalisa ta gyara, ita ce ke aiki.

Rahoto na biyu shi ne na zargi, kuma ba shi da mafi ƙarancin adadi. Sashe na 7 ya zayyana alamominsa: hulɗar da ake yawan maimaitawa ba tare da dalili ba, wadda aka lulluɓe da sarƙaƙiyar da babu buƙatarta, wadda ba a ga wata riba ko halastacciyar manufa a cikinta ba, wadda ta saɓa wa yadda aka san mutumin yana harkarsa, ko wadda ake jin tana da nasaba da ɗaukar nauyin ta'addanci. Mai sayen motar nan ya tara kusan dukkansu. Haka nan ɗalibin da asusunsa bai taɓa ganin dubu 200 ba, kwatsam miliyoyi suka fara shiga daga garuruwa daban-daban suna fita a ranar, ko wanda ya sayi fili yau ya matsa sai ya sayar da shi mako mai zuwa ko da faɗuwa ce.

A nan ne al'adarmu take karo da doka. Kasuwancin Kano a kan amana aka gina shi, a Kantin Kwari ana ɗaukar kayan miliyoyi da magana ta fatar baki, kuma an tarbiyyantar da mu cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Saboda haka sai ka ji mutum ya ce, "Ina da hujjar da zan ce kuɗin bawan Allah na haram ne?" Dokar ba ta nemi hujja daga gare ka ba, ba ta kuma ce ka yanke wa kowa hukunci ba. Abin da ta nema shi ne ka faɗi abin da ka gani da dalilin da ya sa bai kwanta maka ba, bincike kuma aikin hukuma ne. Ta kuma tanadi kariya ga shugabanni da ma'aikatan da suka kai rahoto da kyakkyawar niyya, ta yadda ba za a gurfanar da su a kan hakan ba ko da a ƙarshe an tarar kuɗin na halal ne.

Idan zargi ya shiga ranka, fara da tambayoyin da kowane mai sana'a yake da ikon yi: wane ne ainihin mai kayan, daga ina kuɗin ya fito, me ya sa wani zai biya a madadin wani. Karɓi katin ɗan ƙasa ko fasfo ko lasin tuƙi ka ɗauki hotonsa, idan kamfani ne kuma ka nemi takardar rajistarsa da sunayen masu shi na haƙiƙa. Rubuta amsoshin nan take, da rana da lokaci da adadi da lambar asusun da aka turo kuɗin, tun kafin mantuwa ta shiga. Idan yaron shago ne ko ma'aikacin kanta ya lura da abin, ya miƙa shi ga jami'in da kamfani ya naɗa domin wannan aiki. A ƙaramar harka, maigida shi ne jami'in.

Rahoton zargi, daga kowane rukuni ya fito, NFIU ake aika wa, ta manhajar goAML a intanet, shi ya sa ya dace a yi rajista da ita tun ba a shiga buƙata ba, don awa 24 ba za ta ishi mai neman kalmar sirri ba. Rahoto mai amfani shi ne wanda ya bayyana dalili ƙarara. "Ban yarda da shi ba" ba ta taimakon kowa. "Ya nemi a raba miliyan 14 kashi uku, kowanne ƙasa da miliyan 5, ya ƙi ba da katin shaida, ya ce a rubuta sunan wani" ita ce maganar da mai bincike zai iya bi. Ko cinikin bai faɗa ba, ko mutumin ya kwashi jakarsa ya fice da ya ji tambayoyi sun yi yawa, nauyin rahoton bai sauka ba, domin dokar ta haɗa da hulɗar da ba a kammala ba.

Bayan aikawa sai a kama baki. Sanar da mutum cewa an kai rahotonsa, ko yi masa shaguɓe don ya gane, laifi ne mai zaman kansa da zai iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 10 ba. Wannan ya haɗa da labarta wa maƙwabcin rumfa ko abokan hira a majalisa, domin a garin nan magana ba ta kwana wuri ɗaya. Hukuma tana iya dakatar da hulɗar har awa 72, abin da ya wuce haka kuma sai da umarnin Babbar Kotun Tarayya.

Batun ta'addanci ya fi tsanani, kuma ya fi wuyar ganewa, saboda kuɗin yana iya zama na halal tun asali, kuma ƙalilan, inda za shi ne matsalar. A 2019 wata kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta samu 'yan Nijeriya 6 da laifin tura wa Boko Haram dala dubu 782 daga Dubai, a watan Maris na 2022 kuma Amurka ta sanya musu takunkumi. Wannan ya sa wajibi ne mai sana'a ya riƙa duba sunan abokin hulɗarsa a jerin da Kwamitin Takunkumi na Nijeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya suke fitarwa. Idan sunan ya dace, a riƙe dukiyar nan take ba tare da sanar da mai ita ba, sannan a kai rahoto.

Sakaci yana da tsada. Ƙin kai rahoton zargi yana iya jawo tarar naira miliyan 1 a kan kowace rana da laifin ya ci gaba, ban da haɗarin rasa lasin. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasin kamfanonin canji 4,173, kuma rashin miƙa irin waɗannan bayanai yana cikin dalilan da ya bayar. Takardun kowane ciniki, da hoton katin shaida da kwafin rahoton da aka aika, a adana su aƙalla shekara 5, a wurin da ruwan damina ko gobarar kasuwa ba za su kai gare su ba, kuma inda za a iya ciro su a ranar da jami'an sa ido suka zo suka nema.